Ranar da Gaban Sinikka Ya Daina Faɗuwa

Ƙarfe uku na yamma a garin Kuhmo, can arewacin duniya, tsakiyar hunturu, rana ta riga ta kama hanyar gida. Sinikka da yayanta Raimo suka sauka kan tafkin da ya daskare don su duba ragar kifin da suka shimfiɗa a ƙarƙashin ƙanƙara shekaranjiya. Shi yana gaba da gatari, ita tana baya da igiya, gabanta sai dukan uku-uku yake.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana fama da wannan ciwo, kuma ba ya jiran dalili. A layin kanti yakan shaƙe ta, ko a tsakiyar hira: zuciya ta kama lugude, hannu ya jiƙe, numfashi ya maƙale a wuya. Likita ta ce kowane jiki da mai gadinsa, nata ne dai ya cika zaƙewa, ɓarawo da ganye duk ihu ɗaya yake musu. Sinikka ta tsani mai gadin nan kamar me.

"Yaya, anya ƙanƙarar nan za ta ɗauke mu?"

"Ta ɗauki tarakta jiya, ke ce za ki gagare ta? Uwar 'yan tsoro! Ke fa ko inuwarki ce ta yi tari sai kin kira motar asibiti. Wuce ki riƙe igiya."

In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Ramuka biyu ne a jikin ƙanƙarar, taku sittin a tsakaninsu, ragar tana miƙe daga wannan zuwa wancan. Raimo ya fasa ƙanƙarar da ta toshe bakin raminsa, ya ajiye gatari ya fara jawo raga. Sinikka ta tsaya a ɗayan tana sakin igiya. Don kada sanyi ya sa ragar ta suɓuce, ya naɗe ta a hannunsa na dama, yadda ya saba tun yana saurayi.

Sai iska ta tsaya cak.

Ƙwas. Ƙwas. Ana ƙwanƙwasa ƙanƙara daga ƙasa, daidai tafin ƙafarta. Wani ƙamshi ya taso daga ramin, irin na burodi mai zafi, gauraye da warin taɓo.

Nan take gabanta ya daina faɗuwa. Ƙirjinta ya buɗe, kafaɗunta suka sauka. Rabon da ta ji daɗi irin wannan har ta manta. Hawaye ya zubo mata.

"Ki huta," in ji wata murya daga cikin ruwan, ƙasa-ƙasa. "Kin gaji."

Ta duba ƙasa. Ƙafarta ɗaya tana cikin ramin har gwiwa. Ba ta san lokacin da ta saka ba.

Ta ɗaga kai. Raimo yana durƙushe, hannunsa ya shige rami har kafaɗa. Aka fizge shi, fuskarsa ta daki ƙanƙara, tim! Ya ɗago, jini na zuba daga hanci da baki. Dariya yake yi.

Tana gani ana kashe yayanta, amma ko a jikinta. A nan ta gane: abin nan sai ya kwantar da mai gadi tukuna yake shiga gida.

To, ita dai ta san hanyar ɗakin mai gadinta ko da idonta a rufe. Ta fara jan numfashi da sauri-sauri, abin da likita ta hana. In ya mutu fa? In ni kaɗai na koma gida fa? In, in, in.

Shiru.

Sai mai gadin ya tashi.

Ya dake ta a ƙirji kamar an jefo dutse. Ta ƙwalla ƙara, ta fizgo ƙafarta, takalmin ya tsaya a ciki. Ta sheƙa a guje, safa tana mannewa da ƙanƙara.

Ta cafki rigar Raimo ta ja. Hannun ya fito har zuwa wuyan hannu, raga ta ci naman ta nutse. A kan ragar akwai wasu yatsu farare, dogaye, gaɓoɓinsu sun yi yawa. Suna hawa.

"Bar ni mana, ƙanwata," ya raɗa. "Akwai ɗumi a ciki."

Ta ɗauki gatari.

Sara na farko ya samu ƙanƙara. Na biyu ya samu raga. Na uku ya yi wata ƙara kamar an karya ɗanyen itace.

Jini ya yi tsartuwa har fuskarta. Tafkin ya yi gurnani, ƙanƙara ta tsage a ƙarƙashinsu. Ta ja shi ta wuyan riga, tana faɗuwa tana tashi, ana bin su da ƙwanƙwasa har bakin gaɓa.

Yatsu uku Raimo ya bari a can. A asibiti ya ce raga ce ta yanke su, ita ma ba ta musa ba. Hannun ya warke, amma abin da aka kwantar a cikinsa bai sake tashi ba. Yana tsallaka titi bai duba ba, yana dafa murhu mai zafi da hannu yana murmushi har sai an ji ƙauri. Sinikka ta kwashe kayanta ta dawo gidansa, tsoron mutum biyu take ɗauke da shi yanzu, kuma ba ta ƙara roƙon mai gadin ya tafi ba.

Da bazara ta matso, ƙanƙara ta fara yin baƙi tana ruɓewa, ta same shi da safe a bakin ƙofa yana kokawa da maɓallin riga.

"Yaya, ina zuwa?"

"Nan kusa," ya ce. "Ana sallama da ni a tafki."