Kayan Lachlan a Ɗakin Ajiya

Shekara ashirin da auren Clive da Noreen, amma ta ƙi rabuwa da kayan mijinta na farko, Lachlan, wanda teku ya ci. Da suka koma ƙaramin gida a Port Lincoln, sai ta kama hayar ɗakin ajiya ta zuba su. Duk mako takan je, ta dawo tana 'yar waƙa. Waƙar nan ke cin ran Clive.

Wani dare ya sace makullin, da nufin kwashe kayan zuwa bola. Fitilun wajen suna kunna kansu idan mutum ya gifta. Yana kokawa da kwaɗon ƙofar sai ya ji taku na matsowa, caɓal-caɓal, amma ko fitila ɗaya ba ta kama ba.

Wani saurayi ya tsaya gefensa, yana warin ruwan gishiri.

"Tsoho, ba haka ake buɗewa ba. Ɗan ɗaga ƙofar tukuna."

"Kai ne mai gadi?" in ji Clive.

Saurayin ya yi murmushi. "Faɗa mini gaskiya, abokina. Har yanzu tana kiran sunana cikin barci?"

Ko daren jiya sai da ta kira.