Zuciyar Aro

Kafin Chunmei ta rufe baki, kwanon romo ya tarwatse a ƙasa.

"Me kika ce? Maimaita in ji!" Surukarta ta miƙe tsaye. "Zuciyar me za a sa wa ɗana?"

Chunmei ta sunkuyar da kai. Tun da aka kawo ta gidan Tie, a unguwar Musulmin birnin Xi'an na ƙasar Sin, ba ta taɓa mayar wa tsohuwar nan magana ba.

"Mama, likita ce ta faɗa. Zuciyar Baoshan ta gaji, inji ne kawai ke riƙe da shi. Masu jiran zuciyar mutum suna da yawa, ba zai kai lokacin da layi zai zo kansa ba. Akwai aladun da suke kiwo na musamman, an gyara halittarsu don kada jiki ya ƙi—"

"Rufe min baki! A gidan nan ko sunan baƙar dabbar ba a kamawa, ke kuma ki faɗe shi a kan abincina?"

Baolin, yayan mijinta, wanda ke riƙe da shagon romon rago da gurasa na gidan, ya buga tebur. "Tun kakanninmu alamar halal ke rataye a ƙofarmu. Kina so gobe a ce ɗan gidan Tie na yawo da ƙazanta a ƙirji? Wa zai ƙara shan romonmu?"

"Yaya, romo ne a gabanka, ƙaninka yana mutuwa?"

Tas! Ta ji mari a kuncinta. Tsohuwar ce.

"Ni na haife shi da tsarki, da tsarki zai koma! Ke bare ce, yau ya mutu gobe ki yi wani auren. Shi ya sa ba ki ƙi a yi gwaji da shi kamar ɓera ba!"

Chunmei ta dafe kuncinta. Marin bai yi mata zafin maganar ba. Ta ɗaura ɗankwalinta ta fita, zuciyarta na tafarfasa har ta isa asibiti.

Baoshan na kwance, robobi ko'ina a jikinsa, leɓensa ya yi shuɗi. Mutumin da ya taɓa goya ta a baya ya hau matakalan ganuwar birni da ita yana waƙa, yau ɗaga hannu ma aiki ne. Yana ganin shatin yatsu a fuskarta ya gane.

"Mama ce?"

"Ƙofa na buge."

"Ƙofar gidanmu yatsu biyar gare ta kenan." Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Chunmei, na kira limaminmu a waya. Ya ce idan rai na hannun halaka kuma babu wata hanya, Allah bai ƙuntata wa bawansa ba. Amma ni tsoro nake ji. Likita Qiao ba ta ɓoye min ba, waɗanda aka taɓa yi wa ba su daɗe ba."

"Ba ta ce ka zauna da ita har abada ba. Aro ne, ta riƙe ka kafin a samu ta mutum."

"In na farka, za ki iya ɗora kanki a ƙirjina? Ba za ki ji ƙyama ba?"

Nan fa fushinta ya juyo kansa. "Baoshan, kar ka ƙara! Kowa ya zage ni yau, kai ma sai ka haɗa da naka? Tsokar da ke ƙirjinka na aura ko kai? Ka ƙi don tsoro, zan zauna da kai har ƙarshe. Amma idan don bakin mutane za ka mutu ka bar ni, wallahi ban yafe ba!"

Ya dube ta, hawaye na bin gefen idonsa. Sannan ya ce, "Kira min likitar."

Da hannunsa ya amince, aka yi tiyatar, ya farka. Amma ranar da labarin ya isa unguwa, Baolin ya watso wa Chunmei kayanta a bakin ƙofa, a gaban masu sayen gurasa.

"Kar ki ƙara taɓa tukunyar gidan nan! Ki je can ki zauna da mijinki da danginsa na garke!"

Mahaifiyarta ta kira ta tana kuka: "Ki dawo gida Lanzhou, 'yar nan. Mutanen da suka wulaƙanta ki haka, me za ki zauna yi musu?" Chunmei ta ce, "Inna, ba su na zauna wa ba." Ta kama ɗan ɗaki kusa da asibiti.

Abin da ya fi ba mutane mamaki, kullum da hantsi sai ta zo ƙofar surukarta, ta tsaya a waje ta yi sallama.

"Mama, yau ya zauna da kansa."

Ba a buɗe ƙofa ba.

Washegari: "Mama, zazzaɓi ya rufe shi jiya, amma ya sauka. Yana ta kiran sunanki."

"Ɗana ya mutu ranar da aka tsaga shi!" in ji murya daga ciki. Aka turo taga da ƙarfi.

Sau da yawa Chunmei kan juya tana cizon leɓe, ta rantse ba za ta sake zuwa ba. Ita ma mutum ce, ranta na ƙuna. Sai ta tuna mai ƙaramin ƙarfin da ke kwance bayan gilashi, wanda tambayarsa ta farko kullum ita ce, "Kin ga Mama?" Gari na wayewa sai ƙafarta ta kai ta.

Wata rana ta tarar da tsohuwar a bakin shago tana tsinke ganyen miya. Shagon fayau, rabin masu zuwa sun ɗauke ƙafa. Sai ga wata maƙwabciya mai sayar da dabino, ta tsaya tana yamutsa fuska.

"Sannu, uwar Baoshan. Ya mai jiki? An ce yanzu ba ya magana sai gurnani, haka ne? Idan ya mutu dai ban san maƙabartar da za ta karɓe shi ba."

Tsohuwar ta miƙe a hankali, idanunta jawur. "Ɗan wa kike faɗa wa haka?"

"A'a, ai ke da bakinki kika ce ya mutu—"

"Ni na haife shi, ni ke da bakin faɗa! Ke wace ce? Da kika karye a kan ƙanƙara, wa ya ɗauke ki a baya ya kai ki asibiti, ba mai gurnanin ba? Fice min daga nan, munafuka!" Ta wurga mata kwandon ganyen. Baolin ya fito yana cewa, "Mama, mutane na kallo," ta juyo kansa. "Su kalla! Kai ma kunyar mutanen nan ta sa ka manta nono ɗaya kuka sha!"

Ta tsaya tana haki. Sannan, ba tare da ta dubi Chunmei ba, ta ce, "Wace mota ake hawa zuwa wurin?"

A asibiti aka sa wa tsohuwar riga da takunkumi. Tana shiga ta gan shi a rame, amma leɓensa ya yi ja kamar na lafiyayye.

"Mama, kin karya kuwa? Ga ki duk kin zube."

Shi kenan abin da ya ce. Tsohuwar ta durƙushe a gefen gado ta fashe da kuka. "Shi ne! Wallahi ɗana ne, yana kwance yana tambayar ko na ci abinci!"

Wahala ba ta ƙare nan ba. Jikin Baoshan ya fara yaƙar zuciyar aron, ƙafafunsa suka kumbura, Likita Qiao ta daina murmushi. Chunmei da surukarta suka riƙa zama a benci ɗaya, carbi ɗaya na yawo tsakaninsu. Ana dab da fid da rai, wasu bayin Allah da suka rasa ɗansu a hatsari suka ba da zuciyarsa, ta kuma dace da jikin Baoshan. Aka sake shiga da shi, aka fito da shi da rai.

Ranar da aka sallame shi, Baolin da kansa ya je ya kwaso kayan Chunmei, kansa a ƙasa. "Ƙanwata, ki yafe min. Na ji tsoron mutane fiye da tsoron Allah."

"Na yi fushi, Yaya, ba zan ɓoye ba. Amma ya wuce."

Tsohuwar ta kamo hannunta a gaban duk 'yan unguwa da suka zo barka, ta ce, "Ku shaida, ni na haifi yaron nan sau ɗaya, wannan ta haifa min shi na biyu. Daga yau ba suruka ba ce, 'yata ce."

Haka rayuwa take. Bakin mutane ba ya jinya, ba ya kuma zaman makoki da kai idan ka rasa naka. Wanda ya biye masa zai binne ɗansa da hannunsa yana zaton tsarki yake karewa. Chunmei kuwa ta haɗiye fushinta ba don ba ta da shi ba, sai don abin da take so ya fi shi girma, kuma Allah bai bar haƙurinta ya tafi a banza ba.