Ɗigon Baƙi a Farar Riga

"Wallahi tawada ce! Ga ta nan, ga wata nan!"

Auta ta ɗaga farar rigar aurenta. Tela ce, ita ta ɗinka abarta, ta kawo wa Umma, mahaifiyar saurayinta Dogo, ta sa albarka. Fitarta alwala da dawowarta, sai ta ga rigar duk ɗigon baƙi. Babu wadda ta bari a falon sai Fara, 'yar ƙanwar Umman, wadda kowa ya san ta daɗe da ƙwallafa rai a kan Dogo.

"Ke kika watsa min!"

Umma ta karɓi rigar, ta juya gaba, ta juya baya. Fes take.

"Ina tawadar, 'yar nan?"

Auta ta kai yatsa za ta nuna. Ɗigon ya gudu. Ta ɗaga kai, sai ga shi a bango, ga shi a fuskar Umma, yana yawo kamar ƙudaje. Rabin kanta ya sara, amai ya taso mata.

"Ai na faɗa miki, Umma," in ji Fara a sanyaye, kai ka ce tausayi ne. "Ba ita kaɗai ba ce a jikin nan."

Kafin la'asar, dangi kaf sun ji cewa amarya na da iskoki.

Dogo bai yarda ba. Ya rufe shagonsa na gyaran waya, ya kai ta asibitin ido.

"Kar ki yi kuka, zumata... ina tare da ke."

Likitar ta haska idanunta, ta daɗe tana dubawa.

"Ciwon kai da wannan yawon baƙin, dalilansu na da yawa. Wani gado ne, wani rashin barci, wani kuma ruwan cikin ido ne ke canzawa. Amma naki jijiyar gani ce ta kumbura. Kin yi ƙiba farat ɗaya kwanan nan?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Me kike sha?"

Kunya ta kama ta. Ranar da aka fara kai ta gaisuwa, Umma ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wannan tsinken ne zai haifa min jikoki?" Washegari Fara ta zo shagon ɗinkin Auta da fara'arta, ta miƙa mata ƙwayoyin ƙiba a leda, babu ko kwali. Ita kuwa Auta, baiwar Allah, har godiya ta yi. Ta yi kumatu, Umma ta fara yi mata murmushi. Da kai ya fara sarawa sai ta haɗa da maganin ciwon kai safe da yamma, ta koma kan keken ɗinki. Duk wannan ta faɗa wa likitar.

"Ina zargin ƙwayoyin nan," in ji likitar. "Za mu yi ƙoƙarin ceto idon dama. Na hagu kam, ganin gefensa ya riga ya tafi."

"Zai dawo?" Dogo ne ya tambaya.

Likitar ta girgiza kai.

A barandar asibitin wayarsa ta yi ƙara. Umma ce. Ya faɗa mata abin da likitar ta ce, muryarta kuwa ba ta ɓoyuwa.

"Iska ko makanta, duk ɗaya ne! Ban yafe ba idan ka kawo min ita!"

"Umma, saboda ke fa ta sha! Fara ce ta ba ta..."

"Ɗura mata aka yi?"

Ta kashe wayar.

Auta ta jira. So take ya ce wani abu, ko da ƙarya ce. Tana son mutumin nan, son da ya sa ta haɗiyi abin da ba ta san sunansa ba. Yana tsaye a hagunta, numfashinsa kawai take ji.

"Masoyina... ka yi shiru."

"Uwa ce, Auta." Muryarsa ta karye. "Ki ba ni lokaci, zan lallashe ta."

Da sunanta ya kira ta, Auta. Tun da suka haɗu bai taɓa kiran ta haka ba. Ta share hawayenta da gefen mayafi, ta daina jira.

"Yayana zai zo ya ɗauke ni. Je ka."

"Ki yafe min..."

Ta ji takunsa ya fara nisa.

"Dogo!"

Ya tsaya cak.

"Bi ta hannun damana," ta ce. "Ina son in ga tafiyarka."