Sunan da ke Gilashin Baya

A madubin mota Mas'ud ya fara ganinta. Ranar kasuwar Bafarawa ce, ya cika Golf da fasinja zai koma Isa, kowa ya yi tsit yadda aka saba in an shiga dajin nan. Sai ga wani mai babur ya ɓullo daga cikin sabara, fuska a naɗe. Mata suka ɗauki salati. Ita kaɗai ba ta runtse ido ba, Mas'ud take kallo ta madubi, leɓenta na motsi. Ashe mai babur ɗin manomi ne da buhun gero.

Da aka sauka ta miƙo kuɗin mota.

"Malam direba, kai ma ka ji tsoro. Na ga ƙeyarka na zufa."

"Ni? Zafi na."

"To Allah shi kawo sanyi."

Kubura ke nan, ɗiyar Malam Usaini mai makaranta a Isa. Tun ranar yake kiranta Fasinjata, ita kuma ba ta sauke shi daga Malam direba ba.

Motar fa ba tasa ba ce. Ta Alhaji Na'Allah ce, wanda rashin tsaro ya kora Sakkwato. Haya ya ba shi, Mas'ud na aika masa balas, wato kuɗin hayar, duk mako, sunan Alhajin ma na rubuce ɓaro-ɓaro a gilashin baya. Ana cikin haka wa'adin haya ya zo ƙarewa, Alhaji ya bugo waya: ko ya saya, ko ya maido makulli.

A daidai lokacin Malam Usaini ya yanke tasa maganar.

"Ban ƙi ka ba, yaro. Amma abin da kake ci da shi na wani na. Gobe in anka amshe, mi za ka ba ɗiyata? Ga Dalhatu nan da shagonshi, shina jira."

Mas'ud na da ɗan tari, ga sa biyu a ƙauyen Kamarawa. Sayen ba zai gagare shi ba. Abin da ke hana shi barci daban ne. A tasharsu ta Sabon Birni, duk wanda ya sayi mota sai ya kankare sunan tsohon mai ita, ya rubuta nasa, ya raba goro a yi addu'a. Abokinsa Hamza haka ya yi, har da ɗinka sabuwar riga. Cikin masu cin goron akwai mai kai wa mutanen daji labari, har yau ba a san ko wane ne ba. Yaron mota in aka tare shi, galibi a ƙwace waya a zabga masa mari a kore shi. Mai mota kuwa daji ake shiga da shi. Haka aka yi da Hamza, sai da aka sayar da gonar gidansu aka biya fansa kafin ya dawo, kuma yanzu ko ƙyaure aka buga sai ya zabura.

Duk da haka ya tura mata saƙo:

"Fasinjata, za ni saya. Za ni kankare Na'Allah in rubuta KUBURA, kowa shi gani tun daga Isa har Sabon Birni."

Amsa ta zo a gajarce:

"Kada ka saya. Don Allah."

Ya ajiye wayar. Shi ke nan, ta zaɓi mai shago. Ya daina kiranta, ya daina ɗaga wayarta, har ta aiko:

"In ba ka zo zaurenmu bayan la'asar ba, ni za ni zo tasha in yi ma kuka gaban mutane."

Ya zo. Idanunta sun kumbura.

"Dalhatu ya yi sa'a," in ji shi, yana kallon ƙasa.

"Wane Dalhatu? Kai wawa na? Na je duba matar Hamza, na ga yadda ya koma. Kullum ka hau hanya ba ni iya haɗiye ko ruwa. Yanzu kuma kana son ka rubuta masu sunana a gilashi, su san gidan da za su kira?"

"In ban saya ba Malam ba shi ba ni ke."

"To saya. Amma wa ya ce dole ka raba goro?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Bar sunan Alhaji inda yake. Shi yana Sakkwato, hannunsu bai kai gare shi. Ka ci gaba da kukan balas a tasha kamar kullum. Ai ka iya kuka."

Haka aka yi. Ya sayar da shanun can kasuwa mai nisa, ya je Sakkwato shiru ya biya kuɗin motar. Alhaji Na'Allah da kansa ya kira Malam Usaini ya shaida masa. Malam ya sa aka kira masa Mas'ud, ya ce:

"Kenan gari zai ce na ba yaron mota ɗiyata, na ƙi mai shago."

"Za su ce, Allah shi gafarta Malam."

"Su ce. Na fi son a yi mini dariya da a zo mini jaje. Ka turo magabatanka."

Dariyar kuwa an yi ta. Ran ɗaurin aure Dalhatu ya ɗaga murya a bakin masallaci: "Ango da motar aro! A dai maido ma Alhaji kayanshi da mai." Mas'ud ya haɗiye, har ya taya su dariya.

Da rana tsaka aka ɗauki amarya a Golf ɗin zuwa gidan ango a Sabon Birni, ba hon, ba guɗa. A wata kwana suka hango babura uku tsaye ƙarƙashin marke, masu su na zaune a gefe. Kubura ta damƙe hannun gwaggonta, Mas'ud bai ɗage ƙafa daga totur ba. Mutanen suka bi motar da ido, suka bi gilashin bayan da ido. Ba wanda ya tashi.

Sai da gidajen gari suka bayyana gwaggon ta saki guɗar da ta riƙe tun daga Isa.

Da aka sauka ya ce, "Fasinjata, zo ki ga."

Ya sauke marfin kare rana na gaban direba. A bayansa, da ƙananan baƙaƙe, ya rubuta KUBURA.

Ta yi dariya cikin hawaye. "Maida shi ka rufe, Malam direba."

Ya rufe. Allah Ya rufa musu asiri, Ya ba su zuri'a mai albarka, Ya kawo ranar da za a raba goron nan a tasha ba tare da waige ba.