Raket Ɗin da Jikata Ta Ɗaure

Ni da na tsira daga gobarar tsohon zauren wasan nan da ƙafafuna biyu, babu mai koya mini karatun ido. Ranar da aka buɗe gasar tanis ta maza ina gadin ƙofa, na ga wani ɗan wasa da ake kira Bahago ya miƙa wa jikata raket, wato abin buga ƙwallon, ta ɗaure masa zare, ya manta bai saki mariƙin ba.

Sana'arta ke nan, a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin kujerun 'yan kallo. Kafin a je ko'ina har ya fara ce mata Zumata.

Ubanta, wato ɗana, ya ce sam. Wai ɗan wasa tsuntsu ne, kowane gari da reshensa.

Ga kuma Dogo, wanda zai kara da Bahago a wasan kusa da na ƙarshe, shi ma wajenta yake kai nasa, yana wani yashe haƙora. Kocin Bahago ya zuga shi cewa za ta sassauta masa zare don Dogo ya ci. Yaron ya kwashi sauran kayansa ya kai wa wani.

Ta tura masa saƙo: "Wanda bai yarda da hannuna ba, ina zai yarda da zuciyata?"



Ranar wasa ɗana ya zauna kusa da ni, wai ya zo ganin ƙarshen ƙarya. Bahago ya buɗe jaka, ya daɗe yana kallon ciki, ya zaro wanda ta ɗaure masa tun farko. Koci sai harara yake.

Dogo ya lallasa shi ɗin kuwa. 'Yan jarida suka tambaye shi ko zaren ne ya cuce shi, koci na gefe yana ta gyaɗa kai.

"Zaren lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Hannuna ne ya gaza."

Ɗana ya juyo ya ce, "Baba, wanda aka kayar bai ɗora wa mace laifi ba, ya isa riƙon gida." Na ce masa ai ni tuni na sani.

Da yamma saƙo ya shigo: "Zumata, na zarge ki a banza. Ki yafe mini."

"Sai ka zo ka faɗa da bakinka, rigimamme."

Ya zo, da iyayensa. Ni na yi mata walicci, ko makirufo ban nema ba. Allah ya ba su zaman lafiya, ya kau da 'yan zuga.