Numfashin Rijiya

Gidan da Noboru ya saya a can ƙarshen gari yake, inda kwalta ta ƙare, daji ya fara. Shekara tara ba kowa a ciki. Matarsa Fumie ta so gidan, amma tsohuwar rijiyar bayan kicin ta hana ta sukuni, don 'yarsu Chizuru ba ta zama wuri ɗaya. Noboru ɗan birni ne, bai tambayi kowa ba, ya jera katakai ya shafe bakinta da siminti. Alhali ko ɗan yaye a garin ya san ba a rufe rijiya sai an bar mata kafar shan iska.

Kwana uku bayan nan, da almuru, Fumie na wanke shinkafa sai tsakuwa ta faɗo kan rufi. Shiru. Can sai wata. Ta leƙa waje, dusar ƙanƙara shimfiɗe, ko sawun kare babu. Da ta juyo, ga Chizuru tsaye, gashinta jiƙe sharkaf, tana kokawar jan iska.

Likita ya ce huhunta lafiya lau. Amma kullum rana ta faɗi sai jifa, sai shaƙewa, ta yau ta fi ta jiya daɗewa.

"Baban Chizuru, mu tashi."

"Zuwa ina? Wa zai sayi gida a dajin nan in ba mu ba?"

Fumie ta je ta ɗauko Iya Tome, tsohuwar da ke wa mutanen garin roƙo. Iya ta zo da gishiri da giyar shinkafa da fafaffiyar sandar gora. Ta taka simintin.

"Wane sakarai ne ya yi wannan?"

"Ni ne, Iya."

"Ka yi kama."

Ta watsa gishiri, ta tsiyaya giya. Chizuru ta sandare a cinyar uwarta, wata murya mai zurfi ta fito daga bakinta.

"Shekara tamanin ina shayar da gidan nan. In ban shaƙi iska ba, ita ma ba za ta shaƙa ba. Ku buɗe."

"Ba za a buɗe ba," in ji Iya. "Yarinya za ta faɗa. Gora za ka samu."

"Rijiyata nake so."

"Gora, da giya duk sabuwar shekara. Ka karɓa, tsoho, kar ka zubar da girmanka."

Sai muryar ta ce:

"Wanda ya toshe, shi zai fasa. Yanzu."

Noboru ya durƙusa da guduma, yana dukan simintin, hannunsa na jini. Leɓɓan Chizuru sun fara baƙi. Da simintin ya ɓule, wata iska mai sanyi ta huro, Iya ta soka gorar. Yarinyar ta ja dogon numfashi, ta fashe da kuka.

Iya ta kaɗe hannu. "Dusar ƙanƙara in ta zubo, bakin gorar nan za ka fara sharewa, kafin ƙofar ɗakinka."

Yau Chizuru ta yi aure a birni. Noboru ya tsufa, bayansa ya ranƙwafa, amma bai taɓa fara shara daga ƙofa ba.