Tayoyin Ƙanƙara a Hanyar Rake

Ranar Asabar da ƙarfe uku da rabi na yamma aka buga waya ofishin 'yan sanda na garin da ake kira Ba, aka ce mota ta kaɗe mutum a hanyar gonakin rake ta gudu. Kafin Sufeto Epeli Tamanisau ya isa an riga an lulluɓe gawar da buhu. Dhani Ram ne, tsoho mai saran rake, yana hanyar komawa gida da addarsa a hannu.

Sufeto bai daɗe a kan gawar ba. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, ya san mamaci ya gama magana, saura ƙasa. An yi yayyafi da rana, jar lakar bakin hanya ta riƙe sawun taya raɗau. Ya tsuguna, ya yafito Saje Vimlesh.

"Me ka gani?"

"Taya, yallaɓai. Har a makaranta an nuna mana irinta."

"Bakinka ya fi idonka aiki. Dubi ƙananan tsagar nan kamar an bi da reza. Tayar ƙanƙara ce, ta ƙasashen sanyi. Motocin hannu da ake saukewa daga arewacin Japan da ita suke zuwa. Na taɓa sayen irinta, wata uku zafin kwalta ya cinye min ita kamar sabulu. Ɗauki hotonta."

Wata mai sayar da abarba a bakin hanyar ta ga komai, ban da direba. Farar mota ce ƙarama, gilashinta mai duhu, a bayanta an manna alamar ganye, rabi kore rabi rawaya.

"Ai motar nas ɗin nan ce 'yar Filifin," in ji ta. "Duk garin nan wa ke yawo da ganye a gindin mota in ba ita ba?"

Ranar Lahadi da la'asar suka sami nas ɗin a gidan da take haya. Sunanta Perlita Gaspar, wata takwas ke nan da zuwanta aiki ƙasar. Motar na fake ƙarƙashin mangwaro, an wanke ta fes. Sufeto ya zagaya ta sau biyu hannunsa a baya. Tayoyin sababbi ne, irin na gida. Fitilar gaba ta dama ta yi hazo don tsufa, ta hagu kuwa tana sheƙi.

"Sista, jiya da ƙarfe uku kina ina?"

"Ina barci. Aikin kwana na yi."

"Wa ya gan ki?"

"Mai barci wa ke ganinsa? Ni kaɗai nake zaune."

"Motar fa?"

"Tana garejin Baba Isikeli tun Alhamis. Mako uku da sayenta a garin Lautoka, sai na ji tana santsi in rana ta take. Abokan aiki suka ce tayoyin ƙasar sanyi ne, in canja. Yau da hantsi na karɓo ta."

"Kin sa a canja fitila?"

Ta leƙa fitilar, ta girgiza kai. Da Saje ya gaya mata abin da ya faru, sai ta zauna a kan matakala. Ta ce tana da 'ya'ya biyu can wajen uwarta, kuma ko tuhumarta aka yi kawai, takardar izinin aikinta ta tafi, balle a kai ga kurkuku. Sufeto ya karɓi fasfo ɗinta da makullin motar, bai lallashe ta ba.

A hanya Saje ya ce, "Ni dai ban yarda da ita ba. Ta kaɗe mutum jiya, ta canja taya yau, ta wanke mota. Me ya rage?"

"Ni ma ban yarda da ita ba. Kai ma da za ka ce min yau Lahadi sai na duba kalanda."

Litinin da safe suka isa garejin Isikeli Drauna, rumfar kwano ce a jikin gidansa. Dattijo ne mai furfura, ɗaya daga cikin manyan cocin masu hutun Asabar, kowa ya san shi da gaskiya. Ya miƙa wa Sufeto kujera, yana ta goge hannunsa da tsumma ko da yake hannun ba shi da maiƙo.

"Baba, yaushe ka canja tayoyin nas ɗin nan?"

"Juma'a da safe."

"Yaushe ta karɓi motar?"

"Juma'ar da ƙarfe huɗu, kafin rana ta faɗi in rufe."

"Ka tabbata? Tsufa yakan haɗa ranaku."

"Ɗana, ni na ɗaura su da hannuna. Da sababbin tayoyi ta fita daga nan ranar Juma'a."

"Madalla. Saje, rubuta haka, Baba ya sa hannu."

Sai da dattijon ya sa hannu sannan Sufeto ya ɗaga kai ya dubi rufin rumfar. Tsofaffin tayoyi ne birjik a kai, an danne kwano saboda guguwa. Duk rana ta ƙona su sun yi fari, sai guda huɗu baƙaƙe a gefe.

"Vimlesh, hau ka sauko min da ɗaya."

"Da wannan tumbin, yallaɓai? In kwanon ya ɓurma kai za ka yi wa matata bayani."

Ya hau yana ƙunƙuni, ya gangaro da ita. Sufeto ya sa farce cikin tsagar, ya ciro jar laka haɗe da tokar rake, ya ɗora hoton sawun a gefe.

"Baba, tayar nan ta taka hanyar rake ranar Asabar bayan yayyafi. In ka cire ta Juma'a, da ƙafarta ta sauko daga rufin ta je?"

Isikeli ya daɗe yana kallon tayar. Daga nan ya ninke tsummansa ya ajiye.

"Ni ne. Na fita gwada motar, ban ga tsohon ba. Lahadi da sassafe na canja tayoyi da fitila."

Saje ya kai hannu ga ankwa, Sufeto ya tsayar da shi da ido. Ƙarya ta farko ya fahimce ta. Wannan ta biyun ce ta zo da sauri fiye da kima.

"Gwajin mota ranar Asabar? Kai da ko kwano ba a wankewa a gidanka ran nan? In na je cocinku yanzu, mutum nawa za su ce min kana gaban bagade har faɗuwar rana?"

Sufeto ya tashi yana ɗan zagaya rumfar kamar mai neman inuwa. A kan teburin kayan aiki, bayan gwangwanin man giris, ya ga ƙunshin saiwar kava, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a zaman al'ada, an naɗe da jarida an ɗaure da zare. A bakin ƙofar shiga gida kuma ga wasu takalman roba manya, sun fi ƙafar mai gidan nesa ba kusa ba.

"Yaushe ka fara shan kava, Baba?"

"Ban taɓa ba."

"Na sani, cocinku ya hana. Saiwar nan in ta shiga gidan da ba a shan ta, haƙuri aka zo bayarwa. To wa ya yi maka laifi? Ni ma ina da ɗan 'yar'uwa. Bara ya zo ya kwance injin kwalekwalena ya tafi da shi ina kallo, ko tari ban yi ba, don al'ada ta ce kayan kawu nasa ne. Mutum ɗaya ne zai zare makulli daga ƙusa a gidan nan ka kasa ɗaga murya. Sai dai wannan motar ba taka ba ce."

"Na ce maka ni ne."

"Shi ke nan." Sufeto ya ɗaga murya yadda za a ji har cikin gida. "Saje, sa wa Baba ankwa. Kisa ne da gudu. A shekarunsa ban ga zai fito da ƙafarsa ba."

Ƙarfen bai gama rufuwa ba labulen ƙofa ya motsa. Wani ƙato ɗan shekara talatin ya fito ba takalmi, idanunsa jajur.

"Ku sake kawuna. Ni ne Peceli, ɗan ƙanwarsa. Ni na ɗauki motar."

Ya ce kawun yana coci, ya bar makulli a rataye. Shi kuma akwai wasan ƙwallon ragbi a ƙauyensu, yana so ya isa da mota a gan shi. Sun sha giya bayan wasan. A dawowa ya taka birki a kan wata kwana, tayoyin suka ƙi kama kwalta, ya ji ƙarar abu, bai tsaya ba.

"Na gaya wa kawu da ya dawo. Yau na kawo saiwar in roƙi gafararsa."

"Gidan Dhani Ram fa, ka kai musu tasu?" in ji Sufeto.

Peceli ya sunkuyar da kai. Saje ya sa masa wata ankwa, ya bar ta hannun dattijon yadda take, don ɓoye shaida da ƙaryar da ya sa wa hannu.

Sufeto ya tsaya gaban Isikeli. "Abu ɗaya nake so in ji, Baba. Ka san da maganarka matar nan za a ɗaure?"

"Baƙuwa ce," in ji dattijon a hankali. "Na ɗauka ƙasarsu kawai za a mayar da ita. Shi kuwa ɗan ƙanwata ne."

"Ita ma 'yar ƙanwar wani ce. Kawunta ne ya yi nisa."

Sufeto ya buɗe musu bayan motar 'yan sanda. Peceli ya tallafi kawunsa da kafaɗa har ya hau, sannan ya bi shi, Saje ya rufe ƙofar.